Kuka a Cikin Ruhewar Baba

Ranar wata Laraba ce da sassafe, bayan an gama shigar da amfanin gona, a shekarar da na shiga aji uku a firamaren ƙauyenmu da ke gefen Damaga. Inna ta aike ni in duba ƙwai a ƙarƙashin ruhewa, wato babban rumbun ƙasa da ke tsaye bisa duwatsu a bayan ɗakinta, inda kaji da zabi suke fakewa. Na rarrafa na shiga, cikina a ƙasa, ina lalube cikin ƙaiƙayi, sai na ji kuka a saman kaina. Siririn kuka ne a shaƙe, kamar na jaririn da aka lulluɓe da zane. Na fito da baya a firgice har ƙwai ya fashe a hannuna, na manna kunne a jikin ruhewar. Ba ni da shakka ko kaɗan, muryar kyanwata ce, 'Yar Toka, wadda na kwana biyu ina nema har bayan gari.

Wata Bafulatana mai kawo mana nono ce ta ba ni ita tana 'yar mitsitsiya, don ta ga kullum ni kaɗai ce a tsakar gida. Ni ce auta, yayyena duka maza ne, rabonsu da ni sai aike da rankwashi. Don haka da 'Yar Toka nake komai. Idan ina surfe tana gindin turmi, idan ina wanke-wanke tana lasar ƙwarya, idan na zauna tsince-tsincen gyaɗa ta haye cinyata ta yi barci kamar ita ta biya sadakin uwata. Furata ma rabi nake sha. Inna takan ce, "Ke da mussarki, ran da za a kai ki ɗaki sai an haɗa da ita cikin gara." A 'yan makonnin nan ta yi ƙiba, ta rage wasa, ni kuwa har alfahari nake yi wa ƙawayena cewa ɓerayen gidanmu ne suka karɓe ta.

Sai na faɗi yadda ruhewa take a wajenmu, in ba haka ba mai karatu zai ce mutanen gidanmu ba su da imani. Rumbu biyu gare mu. Akwai ƙarami na kara wanda ake ɗiba kullum, akwai kuma ruhewar, wadda geron da ke cikinta na tsimi ne. Idan kaka ta ƙare, Baba kan sa tsani ya zura ƙaramin cikin yayyena ya jera damman gero a ciki, in ya fito shi Baba ya ɗora murfi a bakinta da ke can sama, ya liƙe da laka, ya danna tafin hannunsa a lakar tun tana ɗanya, sannan a kifa jinka. Daga ranar ba mai taɓa ta sai ruwan shuka ya sauka, kuma shi kaɗai zai fasa shaidar hannunsa. Mace ba ta hawa, balle ta leƙa. Gidan da aka ga jinkar ruhewarsa a ƙasa tun da rani kuwa, ya yi shelar cewa yunwa ta shigo masa, kuma mutumin ƙauyenmu ya gwammace ya kwana da ruwan kanwa a ciki da a san haka. Baba ya liƙe tasa da yamma, washegari ya kwashi yayyena suka tafi noman albasa a fadamar Bakura, ba za su dawo ba sai zafi ya kama. Ashe lokacin da ake ta miƙa dammai, 'Yar Toka ta faki ido ta shige ta lafe a tsakani.

Na ruga na gaya wa Inna. Ta ajiye muciya ta zo ta sa kunne, na ga fuskarta ta canja, ta daɗe tana kallon jinkar. Ta shiga halin gaba kura baya sayaki. Mijinta ba ya nan, waya babu a lokacin, saƙo sai ranar kasuwar Talata Mafara in an dace da mai zuwa Bakura, kuma kasuwar ta ci jiya. "Ɗiyata, ba ni da ikon abin ga," ta ce da ni a hankali. "Tai wurin Baffanki." Baffa Sani ƙanen Baba ne, katanga ce kawai tsakaninmu. Na same shi yana gyaran igiyar jaki, na durƙusa na gaishe shi har ƙasa kamar mai neman aure, na faɗa masa. Ya saurare ni sarai, bai yi dariya ba, amma ya girgiza kai. Bara suka raba gandu da Baba, rabon bai yi daɗi ba, kuma idan aka gan shi bisa ruhewar wansa da rana tsaka, maigida ba ya gari, ya san abin da za a ce ya je yi. Mai unguwa shi dariyar ya yi, har ya nuna ni ga mutanen da ke zaune a zaurensa. "Da akuya ta ko tunkiya, sai mu ce dukiya," in ji shi. "Mussa hwa? Ai ga ɓeraye nan ciki, ta samu aljannatta." Suka kwashe da dariya, na fito ina haɗiye kuka, ina jin haushin gemunsa.

Ɓera kam akwai, ruwa ne babu, kuma wannan ni ma da nake 'yar aji uku na sani. Kwanakin da suka biyo baya ban san me aka koyar a makaranta ba. Malam na rubutu a allo, ni ina lissafin yadda rana take dukan jikin ruhewa. Lokacin tara ƙawayena suna carafke a gindin dalbejiya, suna kirana in zo gaɗa, ni ina tsugune ina tona ƙasa da tsinke. Da an tashi sai in sheƙa gida ko jaka ban ajiye ba, in zagaya baya in kira ta. Takan amsa, ta karci bangon daga ciki, ni ma in karta daga waje. Na gwada zuba ruwa a jikin ruhewar ko zai ratsa, ƙasar ta shanye ta bar min tabo kawai. Na ɗauki mazarin Inna zan huda rami, ta kama hannuna, ba ta doke ni ba, ta dai karɓe ta juya min baya. Daga baya na lura ita ma ta daina yin daka a wannan gefen, ta mayar da turmi ƙofar gida inda ba a jin komai. Gidan gaba ɗaya ya yi min ƙunci, duk inda na zauna kukan yana biyo ni, kuma kullum sai ya ƙara sirancewa.

Akwai mutum ɗaya da ban kai wa ƙara ba, don ban ɗauka tana da abin yi ba. Kaka ce, mahaifiyar su Baba, wadda idonta ya yi rauni, ƙafa ta ƙi, wuni take a bakin ɗakinta tana jan carbi tana korar kaji da sanda. Ashe duk abin nan kunnenta na kai. Ranar Juma'a da na kira 'Yar Toka ba ta amsa ba, na zauna a ƙasa na fashe da kuka mai ƙarfi, sai na ji sandar Kaka tana bugun ƙasa. Ta sa aka kira Baffa Sani. Ta sa aka kira mai unguwa da liman, ta ce su biyo ta gidan in an sauko daga masallaci, su taho da duk wanda ya ga dama. Da suka taru ta ce a zaunar da ita a gaban ruhewar. Ta tuna wa liman labarin matar nan da ta kulle kyanwa har ta mutu, wanda shi da kansa yake faɗa a wa'azi, ya sunkuyar da kai. Sannan ta ce, "Hannun da ag ga lakag ga, ni na haihe shi. In laihi na, nawa na. Ku kuma ku tsaya ku gani da idonku, ko zangarniya guda ba ta hita. Sani, hau."

Baffa ya hau. Aka sauke jinka, ya sa ƙota ya fasa lakar, ya ɗaga murfin, wani zafi mai warin gero ya bugo. Ya leƙa ya kira, shiru. Bakin ruhewar ƙarami ne, kafaɗarsa ba za ta shiga ba, kuma duk samarin unguwa sun tafi cin rani. Aka yi cirko-cirko, kowa na kallon kowa. Kaka ta ce a ɗaura wa mai kyanwar igiya a ƙugu. Wani tsoho ya fara cewa ai mace ce, Kaka ta juya inda muryar take ta tambaye shi ko shi zai shiga. Aka ɗauko igiyar.

Har yau idan na shiga ɗaki mara taga sai na tuna wannan saukar. Ƙafafuna suka taɓa dammai, hasken bakin ya koma ɗan ƙarami a sama, muryoyin mutane suka dawo kamar daga wani gari. Numfashi da ƙyar, ƙaiƙayi ya cika min wuya da ido, bango ko'ina na juya yana gab da fuskata. Tsoro ya kama ni sosai, na ce a raina, a nan ta kwana ta wuni tana kirana. Na yi ta cusa hannu tsakanin dammai har na taɓa gashi. Tana kwance a wani lungu, ta zama fata da ƙashi, idonta a buɗe. Da na ɗago ta sai na ji wasu ƙananan abubuwa a ƙarƙashinta. Ashe ƙibar nan ciki ne, wurin haihuwa ta shiga nema. 'Ya'yan duk sun sandare sai guda ɗaya da ke motsi, yana laluben nonon da ya ƙafe. Na zuba su cikin ɗankwalina na ja igiya.

'Yar Toka ta sha ruwa a tafin hannuna, ta lashi yatsana, kafin la'asar ta washegari ta mutu. Inna ce ta taya ni haƙa rami a bayan gida, tana share ido da gefen zane tana cewa hayaƙi ne. Ɗan da ya rage da nonon akuya na raine shi, ina ɗiga masa da auduga, ya girma ya zama ƙaton muzuru mara kunya. Abin da ake tsoro kuwa bai fasa faruwa ba. Duk da shaidun Kaka, labari ya kai unguwar gabas cewa gidanmu an fasa ruhewa, har wata baiwar Allah ta aiko mana da ƙwaryar gero a ɓoye, Inna ta rasa inda za ta sa kanta. Da Baba ya dawo ya tsaya gaban sabuwar lakar mai ɗauke da hannun ƙanensa, aka ba shi labari tun daga farko. Na zaci faɗa zai yi. Sai kawai ya ce, "Tun ranar da anka ji ta ya kamata a hwasa."

Yanzu a Talata Mafara nake zaune da 'ya'yana. Kwanan baya kyanwar yaran maƙwabta ta faɗa wata tsohuwar rijiya, wani ya kira 'yan kwana-kwana, unguwa ta rabu biyu. Wasu na cewa a ƙasar da ake ɗauke mutane a gona, wane mai hankali ne zai tayar da mota don kyanwa. Ban ce ba su da gaskiya ba, na san man mota da ma'aikata ba su wadata ba, kuma idan gida na ci da wuta a wani wuri, can ya kamata a fara. Amma da na ga yarinyar da ke da kyanwar tana kwance a bakin rijiyar tana kira, na san a wane ɓangare nake. Na ga abin da jinkiri yake yi, lokacin da kowa ke jin kuka yana duba ko abin ya kai a motsa dominsa.

Ƙauyenmu kuwa ya kusa zama kango saboda 'yan bindiga. Kaka da Baba sun riga mu gidan gaskiya, yayyena sun watse, ba wanda yake tsimin gero, don ba a noma mai yawa balle a ajiye. Baffa Sani ne ya ƙi tashi, ya tsufa a can tare da 'yan gidaje kaɗan. Gona ta gagare su, hanyar Maradun sai an yi sa'a, ko itace ba sa nisa wajen nema. Yakan kira ni idan ya sami hanyar waya, mu yi doguwar gaisuwa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ya rage murya ya ce, "Muna nan ciki, ɗiyata." A da na san zauren da zan je in durƙusa, ko da za a yi min dariya, kuma akwai tsohuwar da za ta buga sanda a taru. Yau ina jin muryarsa sarai, ban san ƙofar wa zan buga ba.