Jan Ɗigo Uku a Gindin Kwano

A shekarun da kuɗin mai ya ɗebe wa mutane hankali, gwamnati ta turo maigidana kwas London, muka kama gida a unguwar Catford, hawa na biyu. Abokansa masu tunani suna sayen firiji da rediyo suna aikawa gida. Shi kuwa babur ya sayo. Da ma na mutane ne, da sauƙi. Wani ɗan tsugul ne da ƙyar ya wuce gwiwata, in ya hau sai gwiwoyinsa su kusa taɓa kunnuwansa, kamar mai tsuguno a masai. Mutum da gemunsa.

Wani Bature maƙwabcinmu ne ya ja shi. Duk Lahadi sai su tafi wani fili can wajen Thamesmead, garada har da masu furfura, su yi ta tsere cikin taɓo, injin yana kuka kamar sauro a kunne. Sau ɗaya na bi su. Na tsaya cikin sanyi ina kallon mutumin da ake miƙe wa tsaye a ofis a Kaduna ya kife cikin laka, ƙafafu sama, matan Turawa suna tafi. Takaici ya ishe ni, ban sake zuwa ba.

Ba mu da gareji, don haka a ƙofar ɗakinmu abin yake kwana. Zannuwana warin fetur, shayi ma warin fetur. Na haɗiye, tunda an ce mai haƙuri yakan dafa dutse.

Cikin kayan ɗakina kwano ɗaya na iya tahowa da shi, samira mai murfi. A garinmu kowace mace tana yi wa kwanukanta alama a gindi, don kada su ɓace a gidan biki. Ta Innata jan ɗigo uku ce. Ita ta ɗiga min fentin da tsinken tsintsiya kafin a kai ni ɗaki, hannunta yana rawa, har ɗigo ɗaya ya yi wutsiya. Muna London ta rasu, sai bayan an binne ta labari ya iso. In kewarta ta taso, sai in kifa kwanon in shafa wurin.

Wata Asabar na dawo daga cefane na tarar da kwanon a banɗaki, cike da fetur, sarƙar babur da ƙusoshi sun jiƙe a ciki.

"Malam, kwanona ne fa," na ce.

"Yi haƙuri, uwargida. Gobe akwai race, chain ɗin nake soaking. Zan wanke miki shi tas."

Ya kuwa cika alkawari. Da la'asar ya kawo min shi yana ƙyalli, shi kuma yana murmushi.

"Kin gani? Har wani jan datti da ke gindinsa na goge. Petrol ba wasa."

Na kifa kwanon. Fari fat.

Da ya ga fuskata sai ya ce, "In wari ne, Monday mu je shop in saya miki dozin."

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na kasa kallonsa. Washegari ya saɓi ɗan baburinsa ya sauka, ya dawo da laka har wuya.

Kwanon yana nan, na dawo gida da shi. Na taɓa sayen jan fenti, har na karyo tsinke, sai na fasa. Hannuna ba ya rawa irin nata.