Ƙwan Safiyar Sallah a Greensboro

Bronx, bayan sahur

Ƙarfe shida saura kwata na ja ƙofar gidana a Bronx na kulle, gari bai waye ba, ran ashirin da tara ga watan azumi. Kayana ba su da yawa: jaka ɗaya mai babbar riga da hula, sai ƙunshin kilishi da na sayo wurin wani ɗan Maraɗi da ke yin sa a unguwarmu. Na naɗe shi da takarda har ninki uku, amma ƙamshinsa sai da ya riga ni shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Wurin 'yata za ni, Ummi, wadda ke aiki a wani asibiti a Greensboro. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa bakina ba ya kama sunanta na yanka. Ita kaɗai Allah ya ba mu. Gara in faɗa muku gaskiya tun daga nan: shekara uku ke nan tsakanina da ita sai gaisuwa. Da mahaifiyarta ta rasu, ana gama sadakar arba'in na tattara kayanta kaf, zannuwa da tukwane da kwanuka, na aika wa danginta a Kano, yadda na ga ana yi a gida. Na manta cewa wadda ta fi kowa haƙƙi a kansu tana nan ƙasar tana jarrabawa. Da ta zo hutu ta buɗe kicin, ta tarar ko ludayin uwarta babu. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai koma, kuma tun daga ranar wayarmu ba ta wuce minti biyu: ina kwana Baba, ya aiki, sai an jima.

Sai ga saƙo a tsakiyar goman ƙarshe: "Baba, ka zo mu karya tare ran sallah." Na karanta shi ya fi sau goma ina zaune a cikin tasi. Abin da ya riƙa cina shi ne ba ni da ko tsinke na uwarta da zan kai mata. Can na tuna da ƙwai da kilishin da marigayiya ke soya mana kowace safiyar ƙaramar sallah, tunda a ranar sai an sa wani abu a baki ake fita idi. Dalilin ƙunshin nan ke nan.

Daga New York zuwa Washington

Jirgin ƙasa ya tashi bakwai da 'yan mintoci. Kujera dala ɗari da ashirin, tafiya kuwa ta kusan awa goma sha biyu. Na san matafiyi yana da rangwamen ajiye azumi, amma na ce ba a rana ta ƙarshe zan karaya ba.

Shekara ashirin da shida ina tuƙa tasi, ban saba a tuƙa ni ba. Har muka wuce Newark ƙafata ta dama na ta laluben birki a ƙarƙashin kujerar gaba. Sai wajen Philadelphia na haƙura na sakar wa direban da ban gani ba aikinsa, na jingina kaina da taga. Hazo ya kwanta a kan koguna, gadoji na fitowa daga cikinsa suna komawa. Mai azumi in ya zauna shiru, abubuwa sukan riƙa zuwa masa da kansu. Na ga kicin ɗinmu na da, tururi ya rufe taga, maman Ummi ta ba ni baya cikin shuɗin zaninta tana yanka albasa. Na buɗe baki zan yi mata magana sai mai duba tikiti ya taɓa kafaɗata.

A Washington muka tsaya kusan rabin awa ana canza kan jirgi, fitilu suka mutu, aka zauna cikin duhu-duhu. Nan wata dattijuwa baƙar fata ta shigo ta zauna kusa da ni, za ta Rocky Mount wurin ƙanwarta. Ba a jima ba ta fara shaƙar iska.

"Ɗan'uwa, me ke cikin jakar nan taka? Tun da na zauna yunwa ta taso mini."

Na ce nama ne busasshe irin na ƙasarmu, na ɓalla mata kaɗan. Ta tauna, idonta ya kawo ruwa saboda yaji, ta ce wanda za a kai wa wannan lallai ana son sa. Na ce 'yata ce, kuma fushi take yi da ni.

"Ita ta kira ka?"

"Ita ce."

"To ai rabin aikin ya ƙare. Kai dai kada ka je ka cika ta da bayani."

Virginia, rana tsaka

Wani abin da har yau ban saba da shi ba a ƙasar nan shi ne ganin wata da rana. Muna tsakanin Washington da Richmond, rana na bisa kai, wayata ta fara rawa a aljihu: an ga wata a Saudiyya. Bayan awa biyu sai ga 'yan gida su ma, wani ƙanena a Kano har ya sa mini muryar yara suna murna a bakin layi. Na ɗaga kai na dubi sama ta taga, shuɗiya fes, babu komai sai farin layin jirgin sama. Su can sun sha ruwa suna barka da sallah, ni kuwa da sauran awa biyar a gabana.

Saƙon Ummi ya shigo: "Gobe ne. Idi ƙarfe tara." Na rubuta amsa mai tsawo, na goge, na rubuta "To, Allah ya kai mu."

Daga Richmond ƙasa ta canza. Itatuwa dogaye sun jeru, a ƙarƙashinsu wasu ƙanana sun yi fararen furanni kamar an shanya musu auduga. Gonaki jajaye, coci-coci farare, gida ɗaya can gida ɗaya can, da kujerar lilo a baranda ba kowa a kai. Gyangyaɗi na ɗaukata yana saki. Sau ɗaya na ga kamar jirgin ya ratsa ta Wudil, har na ga shanu a bakin ruwa. Dattijuwar ta sauka a Rocky Mount ta bar mini alewa biyu, ta ce in sha in rana ta faɗi. Muka wuce Raleigh, muka wuce Durham, rana ta yi laushi.

Greensboro, gab da magariba

Bakwai saura muka shiga tashar da ke tsakiyar gari, inda motocin bas na birni su ma suke tsayawa. Tun daga nesa na hango ta, ba don fuskarta ba, don tsayuwarta. Ta saki nauyinta a ƙafa ɗaya ta riƙe gefen mayafi da haɓa, sak uwarta.

Ta rusuna. "Sannu da zuwa, Baba. Ya hanya?"

"Lafiya lau, Ummi. Ya ibada?"

"Alhamdu lillahi."

Shi ke nan. Ta karɓi jaka, muka shiga motarta. Tuƙinta ba laifi, sai dai tana taka birki a makare, na kuwa danne bakina. Muka bi ta wajen jami'ar da ta yi, zuwa gabashin gari inda take haya a bene na biyu. Muka sha ruwa da dabino da kunun gyaɗa da wata maƙwabciyarta, Hajiya Mariyama 'yar Damagaram, ta aiko.

Bayan salla na ciro ƙunshin na ajiye a gabanta, ina jin kaina kamar wanda ya kawo zinariya. Ta buɗe, ta duba, ta mayar ta rufe.

"Na gode, Baba. Don ƙwan Mama ne, ko? Na gwada da kilishi, sau uku. Na gwada da suya. It's not the same. Akwai wani ƙamshi da ba ya fitowa."

Ta ce bana da bekin za ta yi. Na ce subhanallahi, ta ce in kwantar da hankalina, na shanu ne, daga shagon halal, an yanka shi siri-siri an busar da hayaƙi. Ta nuna mini tukunyar da za ta yi aikin, wata baƙar aba mai aljihun tebur, tana soya abu da iska mai zafi ba mai. Eya-firaya suke ce mata. Na kwanta raina a jagule. Abu ɗaya na zo da shi, shi ma ashe an riga an gwada an ajiye.

Safiyar sallah

Ƙarfe takwas na fito cikin babbar riga na tarar ta jera ƙananan kofuna shida na roba mai jure zafi. Ta fara sa yankan naman su kaɗai a tukunyar na minti huɗu, suka yi laushi suka fara kitse. Ta naɗe kowane a cikin kofi ya zagaye bango, ta fasa ƙwai a tsakiya, ta barbaɗa jan tattasai da ganyen albasa da ɗan yaji. Ta mayar da su cikin tukunyar, ta danna maɓalli, aba ta kama huci. Minti goma suka fito, gwaiduwa na ƙyalli a tsakiya, nama ya yi ja a gefe. Wallahi sun yi kyau, har da faranti mai zanen wata. Ta ɗanɗana ɗaya a tsaye, ta ajiye cokali.

"Ba laifi," ta ce. Na ji a muryarta cewa bana ma bai fito ba. "Bari in ɗaura ɗankwali, Baba, kada mu makara."

Ta shige ɗaki. Ni kuma da taurin kaina na ce kilishin nan da na ɗauko tun daga Bronx ba zai zauna a takarda ran sallah ba, ko ɗumama shi ne a yi. Na yayyaga shi ƙanana na watsa a aljihun tukunyar, na danna abin da na ga ta danna, na ƙara wuta don ya yi sauri. Ban san iskar ciki tana ɗaga abu marar nauyi ta manna shi da ƙarfen wuta ba. Ban kuma yi tunanin labun gyaɗar da ke jikin kilishi ba ya son wasa da zafi ba. Ina gyara hula a gilashin taga sai na ga hayaƙi na tashi ta bayana, kafin in juya ƙararrawar gobara ta tsage gidan da ihu.

Abin mamaki, ban yi tunani ba. Na ja kujera, na tattare babbar riga, na hau, na murɗe abin daga silin na zare batir. Hannuna ne ya san aikin. Sai da gidan ya yi tsit na ga kaina a tsaye a kan kujera, batir a tafin hannu, na tuna inda na saba yin haka.

Hajiya Mariyama ta buga ƙofa. "Lafiya? In kira pompiers, 'yan kwana-kwana?"

"Lafiya lau, Hajiya, kilishi ne," na ce daga sama.

"Ah bon! Kilishi a mashin? Barka da sallah, Alhaji, Allah ya kyauta."

Ummi na tsaye a bakin kicin, ɗankwali rabi a ɗaure rabi a hannu. Na shirya jin faɗa. Sai na ga ta rufe ido tana jan hayaƙin nan a hankali.

"Baba," ta ce, "shi ne. Wannan ne ƙamshin."

Na sauko na zauna a kujerar. Na ce mata ai uwarta ba ta taɓa yin ƙwan nan bai kama ba. Takan zuba kilishi da albasa a kasko, ta tafi ɗaura mata ɗankwali da sa mata kwalli, ta manta, sai ƙauri ya kira ta ta dawo da gudu ta zuba ƙwai a kai. Kowace shekara sai ta rantse baɗi ba za ta manta ba.

"Amma ban taɓa jin alarm ba."

"Ni nake cire batir tun da asuba, kafin ta kunna wuta. In mun dawo idi in mayar. Ba ta son ki tsorata."

Ta zauna a ƙasa da sabon leshinta, ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, na kasa gane kuka ne ko dariya, ashe duka biyun ne. Na tuna gargaɗin dattijuwar jirgi, na taƙaita. Na ce, "Kayan nan, Ummi, na yi kuskure. Naki ne, ban tambaye ki ba. Ki yafe mini."

Ta tashi ta tsince kilishin da bai zama gawayi ba, ta marmasa shi a kan ƙwan nan shida, ta tura mini uku. Muka ci a tsaye da tagogi a buɗe. Muka isa idi liman ya riga ya yi kabbara ta farko, rigunanmu na ƙauri, mutumin da ke gefena a sahu yana ta waiwaye.

Komawa

Kwana uku na yi. Ta zaga da ni titin Elm, ta kai ni wata unguwar masu hali da ake kira Irving Park don in ga furanni, ni kuwa hira nake so, kuma na samu. Ta tambaye ni yadda muka haɗu da uwarta, da abin da take cewa in ta yi fushi, da waƙar da take yi in tana wanke-wanke. Ashe kaya na cike da kaina waɗanda ban aika Kano ba.

Ran uku ga wata, takwas da rabi na safe, na hau jirgin arewa. Ban yi gyangyaɗi ba, ƙafata ma ba ta nemi birki ba. Tara na dare ta wuce na buɗe ƙofata a Bronx. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa ɗan Maraɗi mai kilishi, da dattijuwar da ban tambayi sunanta ba, da Hajiya Mariyama da ba ta kira 'yan kwana-kwana ba.

Ina ajiye jaka na ɗaga kai na dubi ƙararrawar da ke silin kicin ɗina, wadda shekara uku ba wanda ya taɓa ta. Sai waya ta yi ƙara. Ummi ce, ta tambayi ya hanya, muka yi ta magana har shayina ya huce. Da za mu yi sallama ta ce ta nemi hutu, a nan Bronx za ta yi babbar sallah.

"Ni zan soya hantar, Baba," ta ce. "Kai dai ka cire batir."