Ranar da rijiyar garinmu ta rufta da ni

Shekarun baya can, ba a daɗe da barin fam da sule an koma naira ba, aka yi wani fari wanda har yau in na tuna sai maƙogwarona ya bushe. Rediyo kullum cewa take ƙasa ta yi arzikin fetur. Mu dai a ƙauyenmu, gefen Wurno ta Birnin Kudu, ba mu ga fetur ba, ruwan sha ma gagarar mu yake. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Duk wani mai ƙarfi ya tafi ci-rani Kano ko Ikko, aka bar tsofaffi da mata, sai irina da mahaifiyarsa ta hana shi tafiya.

Rijiya ɗaya ta rage mana, tsohuwa, ba siminti, ƙasa ce zalla. Mata su yini a bakinta, guga ya fito rabinsa taɓo. Ana cikin haka wasu Fulani suka taso daga wajen Kwandiko ta Gwaram da ragowar shanunsu, suka sauka bayan gari. Mai gari ya aika musu cewa mutum zai iya zuwa ya sha, amma ban da dabba. Ba mugunta ba ce, ruwan ne babu. Sai dai maganar ta yi zafi har aka kusa ɗaga sanduna, daga nan ko gaisuwa aka daina.

Dattawa suka ce a yashe rijiyar a ƙara mata zurfi. To wa zai shiga? Kowa ya juyo ya kalle ni. Ni ba mahaƙin rijiya ba ne, na dai taɓa riƙe wa masu haƙa igiya, iyakar ilimina ke nan. Amma ƙuruciya, ga 'yan mata suna kallo, na ce ni zan shiga. Mahaifiyata ta ce, "Kai da ko kunu ba ka sha ba yau?" Na ce, "Inna, in na fito na sha."

Abokina da wasu tsofaffi suka ɗaura min igiya a ƙugu suka zura ni, da dagi a hannuna. Daga ƙasa, bakin rijiyar bai fi faifai girma ba. Ina haƙa, ina cika guga, suna ja. Wajen hantsi na buga dagi na ji ya shige ba wuya, wani sanyi ya taɓa min yatsun ƙafa. Na ɗaga kai na kwarara ihu, "Ruwa! Na tarar da ido!"

Ihun nan shi ya jawo min. Gari kaf ya rugo bakin rijiya, kowa yana son ya leƙa, ƙasar kuwa ba ta iya ɗaukar su. Ban ji wata ƙara ba, duhu kawai na gani. Da ƙura ta lafa na tarar ƙasa ta binne ni har haƙarƙari, ƙafata ɗaya ta lanƙwashe a ƙarƙashina. Hannuwana ne kawai a waje.

Daga sama na ji ana cewa, "Ku ja! Ku ja!" Suka ja. Wallahi ji na yi za a tsinka ni gida biyu. Na yi ta ihu su bari. Abokina ya leƙo ya ce, "Ka daure, saura kaɗan!" Na ce, "Saura kaɗan ku fito da rabina, ɗan banza, ku saki!"

Suka saki. Sai na ji sanyin nan ya wuce gwiwa, yana bin rairayi yana hawowa. Ruwan da muka yi ta roƙo a filin idi, ga shi Allah ya kawo, kuma ni zai fara cinyewa. A sama ana ta gardama, wannan ya ce a aika Birnin Kudu, wancan ya ce kafin a je a dawo an gama. Ba wanda ya ce zai shigo, ban kuma ga laifinsu ba. Duk motsin da suka yi sai ɓarɓashin ƙasa ya zubo min a ka. Muryar mahaifiyata kaɗai nake rarrabewa, tana ta salati ba ta tsayawa.

Can sai na ji wata murya da ban sani ba tana tsawa, "Ku ja baya! Duk wanda ya matso zan kwaɗa masa sanda, ko mai gari ne!" Hayaniyar ta yi nisa. Na ga an gitta wani dogon itace a bakin rijiyar, an ɗora igiya a kai, mutum yana saukowa a hankali. Dattijon Fulanin nan ne, shugaban waɗanda suka sauka bayan gari, daga shi sai wando, ya riƙo sakaina a baki. Ashe bijiminsa ya ɗaura wa igiyar can nesa, ɗansa yana jan shi gaba da baya, don kada kowa ya taka bakin rijiyar.

Ya dira kusa da ni ya ce, "Kaɗo, wa ya aike ka?"

Na ce, "Baffa, ruwa yana hawa."

"Na gan shi, ni ba makaho ba ne. Hannunka bai mutu ba ko? To yi ta gabanka, ni in yi ta bayanka."

Muka shiga kwashe rairayi muna cika guga, ya girgiza igiya, bijimi ya ja. Mu kwashe, wani ya sake gangarowa. Ruwa ya zo cibiya, ya zo ƙirji. Na fara kuka, ba zan ɓoye ba. Ya ce, "Ka iya addu'ar Annabi Yunusa?" Na ce farkonta kawai na riƙe. Ya ce, "Yi ta maimaita farkon. Allah ya san sauran."

Ina cikin maimaitawa muka ji gefen rijiyar ya sake tsagewa. Ban ankara ba dattijon nan ya kifu a kaina, ya rufe ni da jikinsa. Ina jin dunƙulen ƙasa suna sauka a bayansa, dum, dum. Sau ɗaya ya ce wash. Da ta tsaya ya tofar da ƙasa, ya lalubo sakainarsa ya ci gaba.

Ruwa yana taɓa min haɓa ya nutsa kai, ya kamo gwiwata da hannu biyu ya murɗo ta. Na yi ƙara, amma ƙafar ta fito. Na ce ya fara hawa, shi ne babba. Ya ce, "In na fita wa zai ɗaure ka? Mutanenka da suka ɗaure ka a ƙugu kamar ɗan biri?" Ya zura min igiyar ta hamata, ya girgiza.

Da na fito ban gane kowa ba, haske ya yi min yawa. Aka sake zura igiya aka jawo shi, bayansa duk jini da taɓo. Ya zauna a ƙasa yana haki, shi da mai gari suna kallon juna. Mahaifiyata ba ta jira su ba. Ta jefa guga, ta jawo shi cike, ta juye a ƙwarya, ta wuce ni ina kwance, ta kai gaban bijimin nan da ƙasusuwansa duk a waje. Ba wanda ya hana ta. Daga ranar shanunsu suka riƙa sha da yamma har damina ta faɗi suka koma Gwaram.

Na sha wuya bayan wannan, wadda ta fi ta ma. Na ga waɗanda na ci abinci kwano ɗaya da su sun juya min baya. Ni ba malami ba ne, ban iya wa'azi ba, kuma na gaji da yawan magana a kan halin mutane. Amma duk ranar da zuciyata ta ce min ba sauran na kirki a duniya, sai in ce mata ƙarya take. Mutumin nan bai san sunana ba, ba ma gaisawa da su, ya sa bayansa ya tare min ƙasa. Shi ya daɗe da rasuwa. Ba na sallame salla ban roƙa masa Allah ya sa tasa ƙasar ta yi masa sauƙi ba.