Ƙyauren da Ya Ƙi Shan Fenti

Shekarun baya can, lokacin da na fara riƙe buroshi da sunan kaina, na yi wani aiki da ya kusa fitar da ni daga sana'ar tun ban zauna a cikinta ba. Kuna ganin hotunan ƙofofin da nake sawa a nan kuna cewa hannuna na da kyau. To ga yadda hannun ya fara.

A da acaɓa nake yi. A hanyar Basirka mota ta kwashe ni. Babur ya tafi, ƙafar hagu ta gajarce. Na yi wata takwas kwance a ɗakin mahaifiyata. Da na miƙe na tafi Birnin Kudu na bi wani mai fenti shekara uku. Bango muke yi, bango kawai. Siminti na sani. Katako kuwa na ɗauka duk ɗaya ne, ka goge ƙura ka shafa.

Na dawo Gwaram, babu mai ba ni aiki. Ba wanda ya faɗa min magana a fuska. Ƙafar suke kallo, sai su ce za su neme ni. Abokina ne ya tsaya min. Mahaifiyarsa ta tafi aikin Hajji, 'ya'yanta suka ce a gyara gidan kafin ta sauka. Babban wansu ya so a ɗauko mai fenti daga Birnin Kudu. Abokina ya ce, "Yaya, ga namu na gida. In ya ɓata, ni na ɓata." A kan wannan maganar aka ba ni. Na san in ya yi kyau na samu wurin zama a garin, in ya lalace sai dai in nemi wata sana'ar, kuma da wannan ƙafar sana'o'in ba su da yawa.

Bango bai ba ni wahala ba. Kwana huɗu na gama ciki da waje. Saura ƙyauren zaure. Tsohon ƙyaure ne na katako, mai kauri, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na ɗauka tsufa ne da dauɗa. Na sa tsumma na goge, tsumman ya yi maiƙo, har da wani wari irin na garejin bakanike. Mai hankali da ya tsaya ya yi tambaya. Ni sauri nake a ga aikina. Na ɗauko koren fenti na yi masa shafi biyu, na ja baya ina kallo ina jin daɗi.

Washegari na taɓa, yana danƙo. Na ce gobe zai bushe. Gobe ta yi, sai ga wasu tabo masu ruwan ƙasa suna ɓullowa ta cikin koren. Na ƙara shafi na uku. Ita ce dabarar da ta zo min, kuma babu wadda ta fi ta muni.

Ranar da Hajiya ta sauka ƙofar gidan ta cika. Na tsaya a gefen ƙyauren kamar maigadi ina cewa, "A kula, bai bushe ba." Wa zai ji ni a cikin guɗa? Limamin unguwa ya zo yin addu'a da sabuwar farar babbar riga. Aka matsa shi, ya ja baya, ya jingina. Ina gani, amma ba a katse liman yana addu'a. Aka shafa, ya zo tafiya, rigar ta ƙi binsa. Sai da ta yi ƙara sannan ta saki. Ya waiwaya ya ga bayansa, ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, fenti ka shafa ko tarko ka ɗana?"

Mutane suka fashe da dariya. Ni ban yi ba.

Sai Hajiya ta zo shiga. Ta dafa ƙyauren kamar yadda ta saba, ta ɗaga hannu ta dubi tafinta. Ta ce, "Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Ni ne, Hajiya."

"Ka tambayi wani kafin ka shafa?"

"A'a."

Ta ce, "Maigidana Malam, Allah ya ji ƙansa, duk farkon damina sai ya shafe ƙyauren nan da baƙin mai saboda gara. Da ya rasu na ci gaba. Ana gobe zan tafi ma sai da na ba shi ya sha."

Baƙin mai, wanda ake juyewa daga injin mota. Kowa a ƙasarmu ya san ana shafa wa katako shi. Ni ma na sani. Abin da ban sani ba shi ne fenti ba ya kama shi, ko shekara zai yi.

Babban wansu ya ce a cire ƙyauren a kai bayan gida a faskara, zai sa a kawo na ƙarfe. Ya dubi abokina ya ce, "Ga naku na gida nan." Abokina ya sunkuyar da kai. Hajiya ta shige tana goge hannu da gefen hijabinta. Wannan shigewar ta fi dariyar ciwo.

Na ce, "Yaya, a ba ni kwana goma."

Ya ce, "Ka ƙara masa me, ja?"

Na ce, "In bai gyaru ba ni zan faskara shi da hannuna."

Ya kaɗa hannu ya ce in ɗauka, dama itace ne.

A amalanke na kai shi gidanmu, na kwantar da shi a tsakar gida. Fentin bai yi gardama ba, da ƙarfe na kankare shi yana tashi kamar fata. Man ne aikin. In wanke da kananzir ya yi kamar ya fita, rana na dukansa ya sake tsattsafowa. Kwana uku ina wannan. Mahaifiyata tana zaune tana tsince wake tana kallona. A rana ta uku ta ce, "Shekara uku a Birnin Kudu, ba a koya maka toka ba?"

Na ce, "Inna, wannan ba aikin murhu ba ne."

Ta ce, "Akushi ma katako ne. In ya sha mai me kake gani ina yi masa?"

Ta tashi ta kwaɓa toka da ruwa ta yi kauri, ta laɓta a gefe ɗaya, ta ce a bar wa rana. Kafin la'asar tokar ta yi baƙi. Na kankare, wurin ya yi haske. Na tsaya ina kallon wurin. Ta ce, "Ka ce wani abu mana, oga." Na ce a ƙaro toka.

Babu murhun da ban kwashe ba a unguwarmu. Mata na ganina da buhu su ce mai fenti ya koma mai toka. In laɓta da safe, in kankare da yamma, in juya ɗaya fuskar. Bayan nan na kama shi da samfefa, takardar nan ta goge katako, har yatsuna suka yi jini. A rana ta bakwai katakon ya fito, ja, mai kyau. Maɗaci ne. Kuma ashe akwai zane a jikinsa, layi-layi da aka sassaƙa tun daga sama har ƙasa, man shekaru ya cike su ya shafe. Da ƙusa na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ƙwaƙulewa. Abokina ya zo duba ni, ya tsuguna ya shafa, ya ce, "A gidan nan aka haife ni, wallahi ban taɓa sanin akwai zane ba."

Na ce ba zan rufe wannan da fenti ba. Na je Birnin Kudu na sayo banish, wanda ke sa katako sheƙi ana ganin jikinsa. Wannan karon a wani ɗan lungu ta baya na fara gwadawa, na jira kwana ɗaya. Ya bushe ƙarau. Sannan na shafa sauran.

Rana ta goma muka kafa shi ni da abokina. Aka kira Hajiya. Ta daɗe a tsaye. Ta sa yatsa tana bin zanen a hankali. Ta ce, "Haka na same shi ranar da na shigo gidan nan. Na manta." Sai kuma ta ce, "To gara fa?"

Na ce, "Maɗaci ne, Hajiya. Yana da ɗaci, gara ba ta cika sonsa ba. Kuma na ɗaga shi daga ƙasa."

Ta ce, "Wato shekarun nan duk wahalar banza muka yi ni da Malam?"

Na ce, "Ban ce ba, Hajiya."

Ta ce, "Ka ce mana, ga shi a fuskarka." Ta yi dariya, ta sa min albarka.

Babban wansu bai ce na yi ƙoƙari ba, ba halinsa ba ne. Ya zagaya ƙyauren ciki da waje, ya danna da babban yatsa, ya duba yatsan. Sai ya ce, "Tagogin ciki ma katako ne. Ka duba su gobe." Daga tagogin nan ban sake zama ba aiki ba. Duk mai wucewa sai ya tsaya ya tambayi wanda ya yi. Har Fagam da Farin Dutse aka riƙa kirana, yawanci masu tsofaffin ƙyamare da suka yi niyyar jefarwa.

Abin da na koya ba shi da yawa. Katako ya riga ni zuwa gidan, kuma akwai wanda ya san abin da aka yi masa. Yanzu duk inda aka kira ni, ba na buɗe gwangwani sai na kankari gefe da wuƙa na sansana. Sannan in ce a kira min wanda ya fi kowa tsufa a gidan. Masu gida kan yi mamaki, su ce ai su suka kira ni, me tsohuwa ta sani a fenti? In ce ba fenti zan tambaye ta ba. In ta fito in durƙusa in gaishe ta, in ce, "Inna, me ƙyauren nan ya taɓa sha?" Ban taɓa samun wadda ta rasa amsa ba.