Dariyar da na yi a ɗakin Sista

Shekarar da na haifi 'yata ta fari muna zaune a unguwar Jarwal a Makka, hawa na uku a wani tsohon bene. Maigidana yana aiki a wani otal a Aziziyya, in ya fita da asuba sai bayan isha'i. Daga ni sai jaririya sai ƙarar na'urar sanyi. Ba uwa a kusa, ba kaka. Ni kuwa Allah ya yi ni da tsoro. In yarinya ta daɗe tana barci sai in kai yatsa ƙasan hancinta in ji ko tana numfashi. In ta yi atishawa biyu a jere, na saɓe ta ke nan sai ƙofar da ke kallon tamu.

Mai wannan ƙofar nas ce, Ba'indiya musulma, za ta kai arba'in. Mijinta na da kanti a ƙasan benen, ita kuma aikin dare take yi a asibiti. Kowa Sista yake ce mata. Larabcinta guntu-guntu ne, nawa ma haka, amma muna gane juna. Ko daga barci na tashe ta, sai ta karɓi yarinyar, ta kara kunne a ƙirjinta, ta ce, "Mafi mushkila, Mama." Babu komai ke nan. Sai na ji wannan kalmar nake iya cin abinci.

Ban taɓa ganin yaro a ɗakinta ba. A wurinmu in mace ta kai waɗannan shekaru babu ɗa a gabanta, ba a tambaya. Sai na kama bakina, a ganina kara nake yi mata.

Tun a Kano ni mayyar fim ɗin Indiya ce. Makarantata ba ta yi nisa ba, ba na iya bin rubutun da ke gudu a ƙasan allo, don haka sai wanda aka fassara da Hausa. Akwai ɗaya a wayata da na haddace: yaro da yarinya 'yan sakandare, ruwan sama ya haɗa su a laima ɗaya, soyayya ta shiga, iyaye suka gano, aka ce a kai yarinyar garin goggonta.

A kwanakin aikin Hajji maigidan ya tafi Mina da alhazan otal ɗinsu. Wani yammaci Sista ta samu hutu, ta ƙwanƙwasa mini da kanta, ta ce in zo mu sha shayi. Na je na kwantar da yarinya a gadonta. Ta kunna fim. Ana nuna laima na zabura.

"Sista, na san wannan! Amma ba su ba ne. Waɗannan kwaikwayon nawa suka yi."

Ta karɓi wayata ta duba, ta taɓe baki. "Wannan na mutanen Tamil ne. Namu na yankin Malabar shi ne na asali. Su suka kwafa."

"Indiya ai Indiya ce."

"To ke da Basudaniyar hawa na biyu ɗaya ne?"

"A'a wallahi!"

"Me ya sa? Ba duk baƙaƙe ba ne?"

Muka yi dariya, ta ƙara mini shayi mai citta.

Labarin ɗaya ne, amma idona ya yi ta ganin bambanci. A nawa yaron fari ne tas, da babur, suna rawa a kan tsauni ana sauya kaya. A nata yaran baƙaƙe ne kamar mu, sirara, yaron da ƙuraje a goshi da silifas ɗin roba. Ruwa kuwa ba ya ɗaukewa. Ba na jin ko kalma ɗaya, amma bakina na bin maganganun Hausar da na haddace.

Aka zo wurin da za a tafi da yarinyar. Uwar ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta tana shafa mata man kwakwa, tana tsaga gashin da yatsa. A nawa uwar wata ƙatuwa ce mai barkwanci, mai fassarar kuma ya sa mata magana a baki: "Tsaya mana, 'yar nema! Kai fal soyayya fal ƙwarƙwata, ban san wacce zan fara cirewa ba." A nata babu mai magana. Babu ko kiɗa. Amma ni kunnena ya riga ya ji ƙwarƙwata. Na fashe da dariya, irin ta dukan cinya, har yarinyata ta farka.

Da na juyo, fuskar Sista sharkaf da hawaye. Kallona take yi kamar ba ta taɓa ganina ba.

Ta tsayar da fim ɗin. Ta ɗauko wayarta ta miƙo mini. Hoton wata budurwa ne siririya, da kayan makaranta irin na fim ɗin sak, gashi an raba biyu an ɗaure da ƙyalle.

"Binti," ta ce. 'Yarta.

Tana can garinsu wajen kakarta. Sista ta ɗaga hannu daidai ƙirjinta, ta nuna tsawon yarinyar lokacin da ta baro ta, sannan ta ɗaga shi sama da kanta. Ta ce duk hutun da ta samu sai ta kalli wannan wurin na fim ɗin.

Larabcina ya ƙare ƙaf. Ta yaya zan ce mata ba ke nake wa dariya ba, wani mutum ne a Kano ya ce ƙwarƙwata? Na ɗauki 'yata na fita, na bar shayin.

Daga ranar na koma ɓuya. In na ji motsin ƙofarta sai in tsaya cik a tawa har takunta ya ɓace a matakala. Dariyar tana cina, amma akwai abin da ya fi ta cina. Wata da watanni ina kai wa matar nan 'yata, atishawa, kashi, ƙurji, tana karɓa tana rungumewa, ban taɓa cewa ke fa ba.

Sai yarinyar ta kama tari. Ƙirjinta ya fara wata ƙara kamar kyanwa. Na kira maigidan, wayar Mina ba ta shiga. Titi kuwa cike da alhazai, ba motar da za ta tsaya mini. Na je ƙofar Sista na ɗaga hannu, na sauke, na dawo. Na tafasa ruwa na turara ta. Ƙarar ba ta daina ba. Na sake fita, ban bari na yi tunani ba, na buga.

Ta buɗe. Ba ta kalle ni ba, yarinyar ta karɓa. Ta kara kunne, ta daɗe, ta ɗaga rigar tana kallon haƙarƙarin. "Mura ce. Ki yi ta ba ta nono. Gobe ki kawo ta." Ba ta ce Mama ba.

Na nemo wurin man kwakwar nan a wayata na miƙa mata. Ta tsaya tana kallon ƙatuwar uwar nan tana zazzaga Hausa.

"Me ta ce?"

Na sosa kai, na haɗa farcen manyan yatsuna na murƙushe, yadda ake kashe ƙwarƙwata. Sista ba ta yi dariya ba. Ta girgiza kai ta ce, "Tamil." Na san ba Tamil ne suka faɗa ba, mai fassararmu ne. Na bar musu laifin.

Sannan na yi tambayar da ya kamata in yi tun farko. Na ce aji nawa 'yarta take, me take son ci, da wa take kama. Sista ta zauna a bakin gado da 'yata a cinya. Ta yi ta magana har aka kira magariba daga Harami, rabi na gane, rabi ban gane ba. Tana yi ta jawo kwalbar man kwakwa, ta ɗiga a tafinta, tana shafa wa 'yata a maɗiga.

Ta ci gaba da duba mini yarinya har muka tashi daga Jarwal. Kalmar Mama ma ta dawo bakinta. Fim ne dai ba ta sake kirana ba, ni ma ban nema ba. Nawa yana nan a waya. In aka zo wurin man kwakwa sai in kashe muryar, in bar ƙatuwar matar nan tana tsaga gashin 'yarta.