Zaren da Ya Kai Mu Daudawa

Mun tashi da asuba daga Ketare, mu uku da jaki ɗaya: ni, da maƙwabcina masaƙi, da gwaggona wadda ta tsufa a kan kaɗi. Ba da ita aka shirya tafiyar ba. Fitowa muka yi muka tarar da ita a ƙofar gida ta sha ɗamara, mazarinta soke a ƙunshi. Ta ce maza biyu da ba su taɓa murza mazari ba, ina za su iya ba da labarin ciwon zare? Jakin da muka tanada don kaya sai ya zama nata.

Ga abin da ya fitar da mu. Bara ni na karɓo sabon irin auduga daga hannun malamin gona, ni kuma na bi gida gida ina yabonsa har unguwarmu duka ta shuka. Da aka tsince sai ga abin kunya. Audugar ta yi rawaya-rawaya, mata suna kaɗi zare na tsinkewa, masaƙa suna ƙulli fiye da saƙa. Wasu suka ce irin ne mugu, wasu suka ce ya ma kashe ƙasar. Na lura gaisuwar da ake yi mini a masallaci ta gajarce. Maƙwabcina kuwa har ya fara maganar kwashe iyalinsa ya koma Funtua. Da bazara ta kama, shuka ta matso, mai gari ya ce in ɗauki audugar in kai gonar gwaji ta Daudawa, inda irin ya fito, in dawo masa da magana ɗaya: a sake shukawa, ko a bar auduga har abada.

Hantsi ya dubi ludayi muka shiga Kankara. Muka bar jaki a gidan wani ɗan'uwa, muka sha furar kwabo-kwabo a wajen matan Fulani, mai tsami daidai, wadda ta riƙe mu har la'asar. Gwaggo ta ɓace cikin kasuwa, ta dawo da dunƙulen farar ƙasar nan ta Kankara mai laushi, ta ce ba ta wuce garin alli ta koma da yatsu masu santsi. A tasha muka sami babbar mota za ta yamma. Direban ya yanka mana kuɗi kamar Makka zai kai mu, Gwaggo ta tambaye shi ko da abincin rana a ciki, ya yi dariya ya rage.

Hanyar ba ta da daɗi. Muna zaune a kan buhuna, duk ramin da motar ta faɗa sai mun ji shi a haƙora. A wani rafi da ya ƙafe ta nutse cikin yashi, maza duka muka sauka muna turi, Gwaggo na can sama tana ba da umarni. Amma ƙasar Faskari abin kallo ce: duwatsu manya baƙaƙe, ƙauyuka a gindinsu, ɗorawa ta yi 'ya'ya, ga hadari yana leƙowa daga gabas yana komawa. Ni dai ban ji daɗin kallon ba. Ina ta auna abin da zan faɗa wa mutane idan aka ce irin ne.

Gonar Daudawa ba kamar gonakinmu take ba. An yanka ta fili fili, kowane da turkensa, kuma ko karan auduga ɗaya ba a bari a tsaye ba. Can gefe akwai kududdufi da aka jiƙa rama a ciki, warinsa ya riga kowa yi mana maraba. Aka ce ana gwada zarenta ne ko zai yi buhu. Wani Bature ya wuce a kan keke, ya gan mu zaune a inuwa ba ma yin komai, ya ce mana sannu da aiki.

Aka kai mu ɗakin gwaji wajen wani malami mai furfura kaɗan, da alama Bazazzagi ne. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ɗebi audugarmu ya taje ta da ɗan mataji, ya jera silinta a kan baƙin ƙyalle, dogo zuwa gajere. Ya matse wani ɗan tsagi na silin a bakin ƙarfe, ya riƙa ƙara masa nauyi. Bai je ko'ina ba ya tsinke. Gabana ya faɗi.

"Inna, zo ki duba nan," in ji shi, ya nuna wa Gwaggo madubin da ke ƙara wa abu girma.

Ta yi bismilla ta kafa ido ɗaya. Ta daɗe. "Wannan ai igiya ce, a murɗe take."

"Tamu ce ta nan gonar. To, ga taku."

"Wagga kau ta kwanta kamar busasshen ganyen albasa. Mi ya same ta?"

"Ba ta nuna ba. Yaushe kuka shuka?"

Na ce sai da muka gama da gero da dawa, damina ta raba. Ya tambaya ko mun ga wani jan ƙwaro a jikin ƙwallon, na ce kamar an watsa barkono. Ya tambayi karan bara waccan, na ce suna nan tsaye a gonaki, akuyoyi na gogar jiki da su. Ya gyaɗa kai. Ya ce silin auduga yana fara yin tsawo ne, daga baya ya yi kauri, to ruwa ya ɗauke wa tamu tun ba ta yi kaurin ba. Ƙwaron kuma a tsofaffin karan yake samun mafaka, shi ya huda ta ya ɓata mata launi.

"Ke nan ba irin ba ne, Malam?" in ji ni.

"Ni na ce ba shi ba ne. Amma mutanenku za su ce mai iri ba ya kushe irinsa. Ku je Damari, can ƙasar Sabuwa. Irin da aka ba ku shi aka ba su."

Ba mu yi niyyar kaiwa ƙasar Sabuwa ba, guzurinmu ma ya kusa ƙarewa, amma muka tafi, rabi a mota rabi a ƙafa. Can ƙasar ta fi tamu duhun itace, ciyawa ma har ta fara tsirowa. Wani dattijo manomi ya sauke mu a zaurensa, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka wadda daddawa ta ji, ga man shanu yana yawo a kai. Da na yi maganar biya ya ɓata rai. Ya ce su ma sun taɓa shan irin wannan kashi, tun daga nan suke tuge karan su ƙone da rani, kuma ba sa bari auduga ta zama autar shuka.

Da safe uwargidansa ta aiko da auduga cikin faifai, fara sol. Gwaggo ta zauna a tabarma ta gurje ta, ta shiɓe, ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari. Mu duka muka zuba mata ido. Zare ya fara fita siriri, hannunta na tafiya sama har ya miƙe, ta naɗe, ta sake. Ina jiran ƙarar tsinkewar nan da na saba ji a gidanmu, ban ji ba. Maƙwabcina ya karɓi zaren ya naɗa a yatsu biyu ya ja har ya shata masa fata.

"Wannan zai yi zaren tsaye, zai yi na kwance a saƙa," in ji shi. "Funtua ta jira wani."

Sai a lokacin hankalina ya kwanta. Na fita bayan zaure na yi wa Allah godiya, na daɗe ban dawo ba.

Komawa ta fi zuwa sauƙi, ko don zuciya ba kaya. Dattijon ya cika mana ƙunshi da audugarsa don shaida. A Kankara muka tarar jakinmu ya yi ƙiba da harawar mutane, har yana ƙin tafiya.

A ƙofar mai gari aka taru. Na ajiye auduga biyu, tamu da ta Damari, na faɗi abin da muka gani ban rage ba. Wani ya ce to a bar hatsi a fara da auduga ke nan? Na ce a'a, ciki ne gaba, amma da an gama noman farko a shuka ta, kada a jira. Aka yi ta ja-in-ja, wasu har yanzu ba su yarda ba, amma mafi yawa sun ce za su karɓi iri. Mai gari ya dubi Gwaggo ya ce, "To, wa ke da laifi?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, mu duka, sai ruwan sama. Shi kau ba a kai shi ƙara."

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, da na karɓo iri, rabin abu na karɓo, na baro sanin yadda ake bi da shi. Na kuma gane tsoron tambaya ya fi amsar ciwo. Yanzu da nake wannan bayani hayaƙin karan auduga ne ke tashi a gonakin gabas, ni ma fartanyata na jingine a bakin ƙofa tana jirana.