Ɗinkin Kujerar Baya

Mahaifina baduku ne, kuma a Wudil ta wancan lokacin, shekaru kaɗan kafin Turawa su tafi, in aka ce ɗinkinsa ne to magana ta ƙare. Jakunkuna, takalma, tumtum, kayan sirdi, duk ya iya. Ni ma a gabansa na koya, har na yi aure na haifi 'ya'ya biyu ina zaure ɗaya da shi. Ina da saurin fushi, ban ɓoye ba, kuma abin da ya fi tunzura ni shi ne a taɓa sunan tsohon nan.

Wani Alhaji mai fataucin shanu ya sayo tsohuwar mota daga Kano. Injinta lafiya lau, amma kujerunta duk sun tsattsage, audugar ciki na leƙowa. Ya kawo mana ya ce a yi musu riga da jar fata. Ba mu taɓa yin irin wannan aiki ba, amma Baba ya ce fata ai fata ce. Na ɗinka kujerun gaba, shi ya ɗauki doguwar kujerar baya. Ranar da muka gama, ya ba Alhaji lamuni a gaban mutane, don a lokacin ba mu san kalmar garanti ba. Ya ce daga wannan kaka zuwa ta baɗi, in ɗinki ya warware ko fata ta dare da kanta, gyara namu ne. In kuwa wuƙa ce, ko wutar sigari, ko ƙusa, ko an yi wa kujera lodin da ba nata ba, to wannan na mai mota ne.

Ba a yi wata huɗu ba sai ga saƙo: kujerar baya ta ɓarke, a zo a duba. Baba ya ce in je ni, rana ta yi masa zafi.

Na tarar da motar a gindin durumi a ƙofar gidan Alhaji, mutane sun kewaye ta. Bayan mun gaisa, an tambayi gida da iyali da jikin tsoho, sai Alhaji ya nuna mini wurin. Ɗinkin gefen kujera ya buɗe, tsawonsa ya kai kamu ɗaya. Direbansa na tsaye gefe, wani siririn mutum ɗan Achika, yana ta murza hularsa a hannu.

"Malam, abu biyu ne," in ji Alhaji. "Ko aikinku ne bai yi ba, ko kuwa wannan mutumin yana ɗaukar mini kaya da fasinja a hanyar Utai in ba na nan. In shi ne, yau zai ajiye mini makullina. Kai za ka faɗa."

"Wallahi Alhaji ko kaza ban taɓa ɗorawa ba," in ji direban.

Ban ko duba kujerar ba na fara. Na ce ɗinkin mahaifina ba ya warwarewa, a tambayi duk mai doki a garin nan. Na ce direbobi mun san halinsu, su loda buhun kanwa da awaki a mota su zo suna rantsuwa. Mutane suna gyaɗa kai. Direban ya kalle ni, idonsa ya yi ja. Don in ƙarasa kunyata shi, sai na ce a ba ni wuri in cire rigar kujerar kowa ya ga shaida.

Na cire, na juya ta ciki waje, na tsuguna ina bin ɗinkin da ido.

Zaren lafiyarsa ƙalau, bai tsinke ba. Babu yankan wuƙa, babu ƙuna, babu alamar nauyi ya ja fatar. Ɗinkin ne ya kauce hanya. Wani wuri basilla ta huda a can bakin fata har ramin ya yage. Wani wurin ta kama fata ɗaya ta bar ɗaya, ɗinki biyar ko shida a jere ba su riƙe komai ba. Ko ranar da na fara riƙe basilla ban yi irin wannan ba. Na sake dubawa, wai ko nawa ne na manta. Ina! Ƙullin ƙarshe nasa ne, na san shi kamar yadda na san muryarsa.

A tsugune a nan abubuwa suka riƙa faɗo mini. Watanni ke nan yana jan buzunsa zuwa bakin ƙofa, ya ce zaure ya cika duhu. Baƙo zai shigo, ba ya kiran sunansa sai ya yi sallama ya ji muryar. Kullum ni nake zura masa zare, wai tunda ina kusa. Kullum ina tare da shi, gwiwa da gwiwa, amma ban gane ba. Na ji tsoro ƙwarai, kuma na ji haushin kaina.

"Malam, muna jinka," in ji Alhaji.

Na naɗe fatar da sauri don kada wani ya gani. Da zan ce lodi ne, babu mai musa mini, kowa ya riga ya yarda. Na ɗaga kai na ga direban, har ya zaro makullin daga aljihu.

"Namu ne, Alhaji," na ce. "Laifin ɗinki ne. Ni na ɗinka wannan gefen, na yi gaggawa. Jibi za a maido da ita sabuwa."

Wani ya ce, "To, ashe!" Na juya wajen direban na ce ya yafe mini, na ci mutuncinsa a banza. Ya ce ba komai, amma bai kalle ni ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Da na koma, Baba na zaune a bakin ƙofar zaure. Na miƙa masa fatar. Bai kai ta kusa da fuskarsa ba ma. Ya ɗora a cinya, ya bi ɗinkin da babban yatsa a hankali, daga wannan ƙarshen zuwa wancan. Da ya zo inda basilla ta kauce, yatsan ya tsaya. Ya daɗe a nan.

"Wa ya gani?"

"Ni kaɗai, Baba."

"Me ka ce musu?"

"Na ce gyara namu ne. Na ce ni na ɗinka."

"Na farkon ka yi daidai," ya ce. "Na biyun ƙarya ce. Bayan la'asar ka koma ka gaya wa Alhaji nawa ne, a gaban mutanen da suka ji na farko. Ban taɓa ɗora wa wani ɗinkina ba, ba zan fara da kai ba."

Na ce, "Baba, in na faɗa kowa zai sani."

"Su sani."

Ya laluba gefen buzunsa ya ɗauko basillarsa, wadda ba mai ɗinki da ita sai shi, ya juyo da ƙotar waje ya ce, "Ungo, karɓi."

Ina tsaye a damansa. Hagu ya miƙa hannun.